Kaza da 'ya'yanta a ajin firamare: yadda ya kamata a koya wa yaranmu taurari

Manomin Gadarif ko na gaɓar Shuɗin Nilu ba sai ya duba kalanda ba kafin ya san inda damina ta kai. In ka tambaye shi zai ce maka an shiga Natra, ko kuwa Ɗarfa ta kusa fita. Lissafin da aka saba bi a Sudan yana buɗe damina da Dura'a ranar 9 ga Yuli, sai Natra 22 ga Yuli, Ɗarfa 4 ga Agusta, Jabha 17 ga Agusta, Hairasan 31 ga Agusta, Sarfa 13 ga Satumba, Awwa 26 ga Satumba, a rufe da Simak daga 9 ga Oktoba. Kowace tana cin kwana 13, ban da Jabha mai 14. Takwas ne daga cikin masaukan wata 28 da suka cika shekara, kuma in ka yi 27 sau 13 ka ɗora 14, za ka sami 365 cif. Duk waɗannan sunayen taurari ne, kuma manoman ƙasar Hausa ma sun san su da ɗan bambancin lafazi: Nasara, Ɗarfa, Harsan, Sarfa.

Yaron aji biyar yana jin wannan a bakin mahaifinsa duk shekara. Yana kuma jin kakarsa tana nuna masa Kaza da 'ya'yanta, tana ce masa ga Zara can kusa da wata. To amma ranar da darasin sararin sama ya zo a makaranta, abin da yake gani a allo zane ne na ɗigo-ɗigo da layuka, da sunan da zai haddace don jarrabawa. Ba ya taɓa kawo wa ransa cewa abin da ke allo da abin da ke saman tsakar gidansu abu ɗaya ne. Wannan rabuwa ce take damuna, domin a duk darussan kimiyya babu wanda kayan aikinsa suka fi arha, babu kuma wanda yaranmu suka fi shiga da jari a hannu.

Akwai wata hanyar koyarwa da ta yaɗu a makarantun ƙasashen Turai da Amurka ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Ana ba kowane yaro tarin taurari guda, ya je ya binciko sunansa da labarinsa da lokacin fitowarsa, ya zana shi, ya gabatar a gaban aji, daga baya ya ƙirƙiro nasa tarin ya ƙaga masa labari. Hanyar tana da kyau ta fuska biyu: yaro yana nemo ilimi da kansa, kuma hannunsa yana yin wani abu da shi. Sai dai in aka ɗauko ta yadda take aka sauke a garuruwan Sudan irin Mai Wurno ko Wad Madani, za ta yi ɗingishi. Binciken ya dogara ga ɗakin karatu da intanet. Labaran kusan duk tatsuniyoyin gumakan Girka ne, waɗanda iyaye da yawa ba za su so ba. Taswirorin an zana su don samaniyar arewa mai nisa. Abin da ya fi waɗannan duka kuwa, yaro zai iya gama aikin tsaf, ya ci maki, bai ɗaga kai ya kalli sama ko sau ɗaya ba.

Kafin a gyara hanyar, sai malami ya rarrabe abubuwa uku da kan cakuɗe a kan yara. Akwai taurarin kansu, waɗanda ranaku ne kamar tamu, masu nisan gaske. Akwai surar da mutane suka haɗa da su a ransu. Akwai kuma iyakokin da masana suka shata. Baɗlamus na Iskandariyya ya lissafa tari 48 wajen shekara ta 150 Miladiyya. A 964 Abdurrahman as-Sufi ya rubuta Suwarul Kawakibis Sabita, inda ya sake duba hasken taurarin da kansa, ya kuma haɗa da sunayen da Larabawan daji suke kiran su. A 1922 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta tsayar da tari 88, a 1930 kuma aka buga iyakokinsu da Eugène Delporte ɗan ƙasar Beljiyam ya shata. Tun daga nan, a wurin masana tari yanki ne na sama mai iyaka, duk abin da ya faɗa ciki nasa ne. Surar kuwa kowace al'umma da tata. Taurari bakwai ɗin nan na arewa, Larabawa sun ga makara da 'yan mata uku suna bin ta, suka ce Banatu Na'ash. Mutanen Ingila garma suka gani, na Amurka ludayi. Abin da muke ce wa Kaza da 'ya'yanta shi ne Surayya a Larabci. Yaron da ya taso da Hausa a gida da Larabci a makaranta ya riga ya san abu ɗaya kan ɗauki suna biyu, saboda haka wannan ba zai ba shi wuya ba.

Wani abu da nake ganin ya isa a faɗa wa kowane yaro Bahaushe a Sudan shi ne samaniyar da ke kansa ita ce ta Sakkwato. Sinnar, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu, tana kusan digiri 13 da rabi arewa da ikwaita, Sakkwato digiri 13, Kano 12. Abin da mutum ke iya gani a sama ya dogara ne ga yadda ya yi arewa ko kudu, tafiya gabas ba ta sauya shi. Mutanen da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har gaɓar Nilu, da dubban alhazan da suka ratsa Chadi da Darfur da Kurdufan a ƙafa, duk tsawon hanyar tauraron arewa yana nan a hagunsu, kusan a tsayi ɗaya. Bambancin kawai, taurarin kan riga fitowa a Sinnar da kusan awa biyu, saboda akwai digiri 28 tsakaninta da Sakkwato ta gabas, duniya kuma tana juya digiri 15 a awa. Tarihi da labarin ƙasa da lissafi sun haɗu ke nan a darasi guda.

Daga nan ne ake ganin illar taswirar aro. Suhailu, tauraro na biyu a haske cikin dare bayan Shi'ira, yakan hau har kusan digiri 24 a kudancin samaniyarmu a farkon daren watan Fabrairu, alhali mutumin Landan ba ya ganinsa sam. Shi kuwa Jadi, tauraron arewa, wanda taswirorinsu ke ɗorawa can sama, a wurinmu yana ƙasa-ƙasa, digiri 13 kacal daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Ba shi da wani haske na a zo a gani, ƙura kaɗan ma takan ɓoye shi. Yara da yawa suna zaton shi ne mafi haske, su yi ta nuna wanda ba shi ba.

To ina bincike zai fara? A ganina ya fara daga littafin kallo. Kowane yaro ya ware 'yan shafuka. Ya zaɓi wuri ɗaya a tsakar gida, ko gefen angarib ɗin da yake kwana a kai, ya tsaya nan sau ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, a ce ƙarfe bakwai na dare. Ya fara zana abin da ba ya motsi, katanga ko bishiyar darbejiya ko hasumiyar masallaci, sannan ya ɗora taurarin da yake bi. Ma'auninsa hannunsa ne: in ya miƙe hannu sosai ya dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai kusan digiri 10, babba da yaro duk ɗaya, domin mai ƙaramin dunƙule hannunsa ma gajere ne. A ƙarshen Nuwamba zai sami Kaza da 'ya'yanta dunƙule uku sama da gabas. A ƙarshen Disamba, a wannan lokacin dai, ta kai dunƙule shida. A ƙarshen Janairu sai ya tanƙwara wuya, ta kusa tsakiyar kai. Kada malami ya riga shi faɗin dalili. A bari yaran su kawo zanensu, a jera a ƙasa, su gano da kansu cewa duk taurarin suna gusawa yamma tare, ba tare da surarsu ta lalace ba. Sai a lokacin za a gaya musu cewa kowane tauraro yana riga jiya fitowa da kusan minti huɗu, wato awa biyu a wata, saboda duniya tana matsawa kusan digiri ɗaya kullum a kewayenta na rana. Bayanin da ya zo bayan ido ya gani ya fi zama.

A cikin wannan kallon wani yaro zai lura da cewa akwai mai haske guda da ba ya bin sahu, yau yana kusa da wannan tari, bayan wata biyu ya koma wani. Nan ne ƙofar maganar duniyoyin da ke kewaya rana. Mai hasken nan na goshin magariba da ake ce wa Zara, da Gamzaki na asuba, mafi yawan lokaci abu ɗaya ne, wato Zuhra. Ba ta taɓa nisantar rana fiye da kusan digiri 47, shi ya sa ba a ganin ta da tsakar dare, kuma takan ɗauki kwana 584 kafin ta kammala zagaye daga yamma zuwa asuba ta dawo.

Mataki na biyu shi ne tambayar tsofaffi, kuma a nan ne muka fi waɗanda suka ƙirƙiro hanyar arziki. Yaro ya zauna gaban kakansa ya ce, "Kaka, wane tauraro kuke jira kafin ku yi shuka? Da me kuke gane asuba ta kusa lokacin da babu agogo?" Ya rubuta amsar yadda aka faɗa masa, da Hausa, ko da ajami ne in shi ya fi iyawa, ya sa sunan garin da tsohon ya taso. Makiyayi yana da nasa sani, masunci a bakin Nilu yana da nasa, tsohuwar da ke tashi daka tun duhu tana da nata. Za a sami saɓani, wani ya kira tauraro da suna, wani ya ce a'a. Kada malami ya yi saurin yanke hukunci. A rubuta duka biyun a allo, a fita da dare a nuna da yatsa, a ga ko tauraro ɗaya ake nufi. Yaro ya fara koyon cewa kowace magana tana da mai ita, kuma ana iya gwada ta. Yawancin wannan sani ba a rubuce yake ba, kuma masu shi suna ƙarewa. Ajin da ya tattara shafi ashirin na irin wannan ya yi aikin da ya wuce na makaranta.

Akwai tambaya ɗaya da nake so kowane aji ya ci karo da ita. A tsakiyar Jabha, ranar 23 ga Agusta misali, a ce wa yara su nemo taurarin Jabha a sama. Ba za su same su ba ko da babu gajimare. Dalili shi ne a kwanakin nan rana tana daidai saitin Kalbul Asad, mafi hasken taurarin Jabha, suna fitowa tare suna faɗuwa tare. Haka Simak a tsakiyar Oktoba, haka Natra a ƙarshen Yuli. Ashe kwanakin lissafin Sudan sun dace ne da lokacin da rana ta sauka a masaukin, lokacin da tauraron ya ɓuya cikin haskenta. Mutanen Najdu ta Saudiyya kuwa suna ƙirga Ɗarfa daga 24 ga Agusta, tare da fitowar Suhailu, kwana 20 bayan namu, abin da ya fi kusa da lokacin da tauraron ya kuɓuce wa rana ya bayyana da asuba. Yaron da ke da 'yan uwa a Makka ko Jidda zai iya tambayarsu ya kwatanta. Ana iya nuna wannan a aji da fitila a tsakiya, yara 28 a kewaye kowa riƙe da sunan masauki, yaro ɗaya yana zagaya fitilar a matsayin duniya. Wanda ke bayan fitila ba ya ganuwa, wanda ke bayan mai zagayen shi ne na tsakar dare. Da wannan wasan kaɗai za su gane dalilin da ya sa Jauza, tarin nan mai taurari uku jere a tsakiya, ta sanyi ce, tarin Kunama kuma na bazara da damina.

Dole a yi maganar da ke zuciyar iyaye. Da yawa in suka ji an ce taurari, duba da bokanci ne ke faɗo musu, kuma tsoronsu yana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu bin Khalid al-Juhani cewa bayan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani, wanda kuwa ya jingina ruwan ga tauraro kaza ya kafirce. Amma Alƙur'ani da kansa ya ce a Suratul An'am, aya ta 97, an sanya taurari don a shiryu da su a duhun tudu da teku, ya kuma ce a Suratu Yunus, aya ta 5, an ƙaddara wa wata masaukai don a san adadin shekaru da lissafi. Malamai sun daɗe da raba ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da shi, da da'awar cewa suna da tasiri a kan rabon mutum. Carar zakara ba ita ke kawo asuba ba. Ina ganin ya kamata malami ya faɗi wannan a fili tun ranar farko, ya kuma aika wa iyaye, maimakon ya bari jita-jita ta riga shi isa gida. Ya kuma gaya wa yara kai tsaye cewa shafukan buruji da suke gani a wayar yayyensu, masu cewa wanda aka haifa a wata kaza halinsa kaza ne, ba su da gindi a addini, ba su da shi a kimiyya.

Akwai aikin da ke tabbatar da haka a aikace. A yanke gorar roba, a kifa bakinta ciki ya zama mazurari, a ɗaura ma'auni a jiki, a kafa a fili. Duk safiyar da aka yi ruwa a auna a rubuta ƙarƙashin sunan masaukin da ake ciki. Mutanen Sudan suna yi wa Ɗarfa laƙabi da mai kuka saboda yawan ruwanta. Wata shekara za ta amsa sunan, wata shekara ta wuce da ƙyar, tauraron kuwa yana nan inda yake a kan lokacinsa. In makaranta ta adana wannan littafi shekara biyar, 'yan baya za su gaji abin da za su yi lissafi da shi.

Sai aikin hannu. Wanda na fi so shi ne na zare. A zana Jauza da Shi'ira a bango, a kafa kwali mai huda ɗaya kamar taku biyu daga bangon, a ja zare daga kowane tauraro zuwa hudar. A kan kowane zare a maƙala ƙullin laka gwargwadon nisan tauraron, santimita ɗaya a madadin tafiyar haske ta shekara 10. Shi'ira, mai nisan shekara 8.6, ba za ta kai santimita ɗaya daga hudar ba. Tauraron kafaɗar Jauza ta yamma zai zauna a santimita 25, Rijlu na ƙafarta a 86, ukun nan na tsakiya da suka jeru kuwa duk sun haura mita. Yaro ya sa ido a huda, ya ga Jauza daram yadda ya san ta. Ya taka gefe ya duba, sai ya ga ƙullaye a warwatse, babu sura babu alamarta. Ban san wani bayani da ya kai wannan nuna cewa surar daga inda muke tsaye take ba. In ya tambaya ko duk tari haka yake, a ce masa a'a: 'ya'yan Kaza da gaske tare suke, kusan shekara 440 na tafiyar haske daga nan, kuma sun fi ɗari nesa ba kusa ba, ido ne ke ganin shida ko bakwai.

Na gwangwani ya fi sauƙi. A huda gindin gwangwanin madara da ƙusa, a zura tocila ciki, a haska bango a ɗaki mai duhu. Yawancin yara za su huda surar daga waje yadda suka gan ta, sai ta fito a juye, dama ta koma hagu. A bar su su gano dalili. As-Sufi ma sau biyu ya zana kowane tari, ɗaya yadda ake ganinsa a sama, ɗaya yadda yake a jikin dunƙulen tagulla da ake kallo daga waje.

Alƙibla ma aiki ce mai kyau. Bahaushe ya saba cewa a fuskanci gabas, kuma a Sakkwato hakan ya yi kusa, don alƙibla tana wajen digiri 71 daga arewa. A Sinnar kuwa digiri 36 ce, ta fi kusa da arewa. Yaro ya nemo Jadi, ya sauke ido ƙasa, ya auna dunƙule uku da rabi zuwa dama, ya ja layi a ƙasa, da safe ya gwada da masallacin unguwa.

Ƙirƙirar sabon tari da labarinsa kuwa, a ajiye shi ƙarshe, da sharaɗi ɗaya: taurarin su zama na gaske, waɗanda yaron zai iya nuna wa ɗan ajinsu da dare. In ya ga jirgin ruwa ko tulu ko raƙumi, ya rubuta tatsuniyarsa ko waƙarsa da harshen da ya fi jin daɗi. Wajen ba da maki, kwanan wata da lokaci da jihar da ya fuskanta su fi kyan zane nauyi, in ba haka ba mai fenti zai riƙa cinye mai lura. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana aiki ba intanet, tana kuma da sunayen masaukan Larabawa, amma waya ɗaya a hannun malami ta isa, a duba ta bayan an kalli sama.

Na san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 makarantu suka rufe, har UNICEF ta ce a Oktoban shekarar yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Wasu azuzuwan sun zama masaukin 'yan gudun hijira, wasu malaman sun yi watanni ba albashi. Shi ya sa na zaɓi ayyukan da ba sa buƙatar wutar lantarki ko littafi ga kowane yaro, kuma ba sa buƙatar a tara yara da dare. Kowa daga tsakar gidansu zai yi kallonsa, mace da namiji, babba a kusa. Malamin allo ko wata yaya da ta yi sakandare za su iya jan ragamar inda makaranta ba ta buɗe ba. Lokacin farawa shi ne Nuwamba, bayan gajimaren damina ya janye, a ci gaba har Fabrairu kafin ƙura da guguwar habub su dawo, a kuma zaɓi dararen ƙarshen watan Musulunci da farkonsa, lokacin da farin wata bai dushe ƙananan taurari ba. Ma'aunin ruwa kuma a kafa shi kafin 9 ga Yuli.